Me Ya Haɗa Filayen Yamma da Yaƙin Basasar Amurka?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina karatun tarihi a jami'a, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai a tarihin Amurka. Lincoln da bakinsa ya ce ba shi da niyyar taɓa bauta a jihohin da take. Kuma an ce yankunan yamma da aka yi ta rigima a kansu, bayin da ke cikinsu ba su taka kara sun karya ba. To in haka ne, me ya sa Kudu da Arewa suka yi ta kai ruwa rana a kan waɗannan filaye har aka kai ga yaƙi?

Amsa: Barka kadai, ɗana, Allah ya ƙara basira. Abubuwan nan biyu da ka kawo duk gaskiya ne. Ranar 4 ga Maris 1861, a jawabinsa na kama mulki, Abraham Lincoln ya faɗa ƙarara cewa ba shi da niyyar tsoma baki a harkar bauta a jihohin da ake yin ta, kuma a fahimtarsa doka ma ba ta ba shi wannan hurumin ba. Ƙidayar 1860 kuwa bayi 2 kacal ta samu a duk faɗin yankin Kansas, 15 a Nebraska, 29 a Yuta. Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ce mutane sun kashe juna a kan abin da babu shi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Akwai abu ɗaya da masu bayi da masu adawa da su suka yi ittifaƙi a kai, wato bautar Amurka ba ta iya zama wuri ɗaya. In ta sami sabuwar ƙasa sai ta yi ƙiba, in aka yi mata shinge sai ta soma ramewa har ta mutu. 'Yan siyasar wancan zamani suna buga misali da kunama: ka kewaye ta da wuta, ba sai ka taka ta ba, ita za ta harbi kanta. Don haka da Lincoln ya ce ba zai taɓa bauta a inda take ba amma ba zai bar ta ta ƙara taku ɗaya ba, mutanen Kudu sun ji maganar sarai. Sun ji an yanke mata hukuncin kisa ne, ranar kawai ba a sa ba.

Kafin mu yi nisa, ka riƙe bambancin jiha da yanki, don nan ne ɗalibaina suka fi tuntuɓe. Jiha tana da majalisarta da dokokinta, kuma kusan kowa a lokacin ya yarda cewa tsarin mulki ya bar wa kowace jiha maganar bauta a cikin iyakarta. Yanki kuwa fili ne da ƙasar ta mallaka amma bai kai ga zama jiha ba, yana hannun gwamnatin tarayya. Mai ƙin bauta da ke son ya yi aiki da doka ba shi da ƙofar shiga Jojiya ko Alabama. Ƙofarsa ɗaya ce, yankuna. Shi ya sa duk faɗan ya tattara a can.

Yanzu mu zo kan auduga, don ita ce uwar tafiyar. Kai ka san wahalar gurza: mace ta zauna da magurji da dutse tana raba angurya da kaɗa, yini guda abin da za ta fitar bai cika kwando ba. Haka abin yake a Amurka, har 1793 da Eli Whitney ya ƙera injin gurza. Daga nan noman auduga ya zama hanyar kuɗi mafi sauri a ƙasar, masaƙun Ingila suna jiran duk abin da aka noma. A 1790 dilolin audugar da ƙasar ke nomawa 'yan dubbai ne. Kafin 1860 sun haura miliyan 4 a shekara, kuma auduga ita kaɗai ta fi rabin duk abin da Amurka ke sayarwa waje. Bayi kuma daga kusan 700,000 a 1790 suka kai kusan miliyan 4 a 1860.

Mafi yawan wannan ƙaruwa ba daga Afirka ta zo ba, tunda an haramta shigo da bayi daga 1808. Haihuwa ce. Kuma a nan akwai abin da Bahaushe ya kamata ya lura da shi. Mu ma mun yi bauta a ƙasar nan, da rinji da kasuwar bayi da duk zaluncin da ke ciki, ba na wanke kowa. Amma a shari'ar da aka bi a nan, ɗan da ubangida ya haifa da kuyangarsa ɗa ne, yana cin gado, har sarauta yana yi. A Amurka tun dokar Birjiniya ta 1662 ɗa yana bin uwarsa ne. In uwa baiwa ce, ɗanta bawa ne, ko da ubangijinta ne ya yi cikin, kuma yana iya kai shi kasuwa. Da wannan doka kowace haihuwa ta zama ƙarin jari.

To ina za a kai wannan jari? Tsofaffin jihohi irin su Birjiniya da Merilan ƙasarsu ta gaji da taba, bayi sun fi aikin yawa. Sababbin filayen Alabama da Misisipi da Luwiziyana, waɗanda aka ƙwace daga hannun 'yan asalin ƙasar, su Choctaw da Creek da Chickasaw da Cherokee, suna kukan ma'aikata. Sai fatauci ya buɗe tsakaninsu. Daga 1790 zuwa 1860 mutane wajen miliyan ɗaya aka kwasa daga gabas aka kai kudu maso yamma. Wani kamfani a garin Alexandria kusa da birnin Washington, na Franklin da Armfield, yakan tara mutane a kurkukunsa, da rani ya jera maza bibbiyu cikin mari, doguwar sarƙa ta ratsa tsakiyarsu, mata da yara a baya, masu bindiga a kan dawaki, su taka da ƙafa makonni har Natchez a bakin kogin Misisipi. Wasu a zuba su a jirgin ruwa zuwa Niyu Olins. Miji a sayar da shi nan, mata can, yaro wani wuri. A kusa da Natchez ɗin nan ne Abdurrahman, ɗan Almami Ibrahim Sori na Futa Jalon, mutum mai karatun Larabci, ya yi shekara arba'in yana bauta a gona. Da ya sami 'yanci a 1828, ya kama hanyar Afirka ya bar 'ya'yansa a cikin mari.

Ka ga ke nan kowane sabon fili da aka buɗe wa bauta yana ɗaga farashin bawa har a Birjiniya, inda ba a noma audugar. Dab da yaƙi ƙaƙƙarfan saurayi yana haura dala 1,000 a kasuwa, kuma in aka yi wa bayin ƙasar kuɗi gaba ɗaya sun kai wajen dala biliyan 3, fiye da abin da aka zuba a layukan dogo da masana'antun ƙasar a haɗe. Mai irin wannan dukiya in ka ce masa kasuwarsa ta daina faɗaɗa, ka taɓa aljihunsa tun yau. Ga kuma tsoro. A Karolina ta Kudu da Misisipi bayi sun fi masu 'yanci yawa. Fararen can ba su manta da juyin Haiti ba, inda bayi suka kifar da iyayengijinsu, ba su manta da tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a Birjiniya a 1831 ba. Suna ganin in aka rufe hanyar yamma, bayi za su yi ta ƙaruwa a kansu har ranar da ba za su iya riƙe su ba.

Sai maganar kujeru. A Majalisar Wakilai yawan jama'a ake bi, kuma Arewa ta daɗe da wuce Kudu, duk da tsarin mulki ya yi wa Kudu aringizo, yana lissafa kashi uku cikin biyar na bayinta wajen rabon kujeru alhali bawa ba ya jefa ƙuri'a. A Majalisar Dattawa kuwa kowace jiha sanata biyu gare ta, ƙarama ko babba. Nan ne katangar Kudu. Kowane yanki na yau jiha ce ta gobe, da sanatocinta biyu da ƙuri'unta a zaɓen shugaban ƙasa. Kuma gyaran tsarin mulki yana buƙatar kashi uku cikin huɗu na jihohi. Mai hangen nesa a Kudu yana iya ƙirga da yatsunsa: in duk yamma ta zama jihohin da babu bauta, wata rana za su kai adadin da za su soke ta da alƙalami.

Karo na farko da abin ya fito fili shi ne 1819. Amurka ta sayi ƙasar Luwiziyana daga Faransa a 1803 a kan dala miliyan 15, girmanta ya kusan ninkawa. Misuri, wani ɓangare na wannan ƙasa mai bayi wajen 10,000, ta nemi zama jiha a lokacin da jihohin bauta 11 ne, na 'yanci 11. Wani ɗan majalisa daga Niyu Yok, James Tallmadge, ya kawo sharaɗi: kada a ƙara shigar da bawa Misuri, kuma 'ya'yan bayin da za a haifa su sami 'yanci in sun kai shekara 25. Majalisa ta hargitse. A 1820 aka ɗinke ɓarakar: Misuri ta shigo da bayinta, aka yanko Maine ta shigo babu bauta, aka kuma ja layi a kan digiri 36 da minti 30, aka ce sauran ƙasar Luwiziyana da ke arewa da layin an haramta bauta a cikinta. Thomas Jefferson, tsoho a lokacin, shi kansa mai ɗaruruwan bayi, ya rubuta wa wani cewa rigimar ta farkar da shi kamar ƙararrawar gobara cikin dare, ta cika shi da firgici. Layin ya riƙe ƙasar shekara talatin da 'yan kai.

Abin da ya warware ɗinkin shi ne ƙarin ƙasa. Meziko ta soke bauta a 1829, amma Amurkawan da suka zauna a lardinta na Tekzas da bayinsu suka yi tawaye a 1836, Amurka ta haɗiye Tekzas a 1845, yaƙi ya biyo baya, a 1848 Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta. Tun yaƙin bai yi wata uku ba, a watan Agusta 1846, Shugaba Polk ya nemi dala miliyan 2 don cinikin fili da Meziko, sai wani ɗan jam'iyyarsa ta Dimokurat daga Fensilbaniya, David Wilmot, ya miƙe ya ce a ƙara sharaɗi: duk ƙasar da za a samu daga Meziko babu bauta a cikinta. Sharaɗin ya wuce a Majalisar Wakilai ya mutu a ta Dattawa. Abin lura shi ne yadda aka jefa ƙuri'ar. Da can mutum jam'iyyarsa yake bi, Dimokurat ko Whig, kuma kowace jam'iyya tana da mutane a Kudu da Arewa. A kan sharaɗin Wilmot 'yan Arewa suka haɗu wuri ɗaya, 'yan Kudu wuri ɗaya, jam'iyya ta koma gefe.

Zan tsaya a nan in faɗa maka wata gaskiya mai ɗaci, don kada ka ɗauka Arewa cike take da masoyan baƙar fata. Wilmot da kansa ya ce shi lauyan farin ma'aikaci ne, ba tausayin bawa ya tashe shi ba. Ƙaramin manomi a Ohayo ko Ilinoi yana son ɗansa ya sami gona a yamma, ya kuma san in mai bayi ɗari ya sauka kusa da shi, fili mai kyau ya tafi, ladan ƙwadago ya faɗi, aikin hannu ya zama abin kunya. Da yawansu ba sa son bawa a yamma, ba sa kuma son baƙin mutum ko da ɗa ne. Indiyana ta rubuta a tsarin mulkinta na 1851 cewa baƙar fata kada ya shigo jihar, Oregon ma ta yi irin haka a 1857. Masu neman a soke bauta don zalunci ce, irin su Frederick Douglass wanda shi kansa gudowa ya yi daga bauta, da William Lloyd Garrison, tsiraru ne, kuma a garuruwan Arewa ma an sha jifansu. Maganar yamma ita ce ta haɗa mai ƙin bauta saboda Allah da mai ƙin ta saboda gonarsa a inuwa ɗaya. Da maganar soke bauta ce zalla, da ba a tara ƙuri'un da za su ci zaɓe ba.

A wancan gefe John Calhoun na Karolina ta Kudu ya kafa hujjarsa: yankuna mallakar dukkan jihohi ne, da jinin kowa da kuɗin kowa aka same su, bawa kuma dukiya ce kamar doki, to da wane dalili ɗan Arewa zai shiga da dukiyarsa a hana ɗan Kudu? Ka lura da abin da hujjar ta tsaya a kai. Sai ka fara yarda cewa mutum dukiya ne kafin ta yi ma'ana.

An sami zinariya a Kalifoniya a 1848, jama'a suka yi tururuwa, suka rubuta tsarin mulkin da babu bauta suka nemi zama jiha. Aka sake zaman sulhu a 1850. Kalifoniya ta shigo, aka bar Niyu Meziko da Yuta ba tare da haramci ba, aka hana cinikin bayi a birnin Washington, aka kuma ba Kudu sabuwar dokar kamo bayin da suka gudu. Wannan doka ita ce ta kai bauta ƙofar gidan ɗan Arewa. Wanda aka kama ba shi da ikon ba da shaida a kan kansa, babu masu taya alƙali yanke hukunci, jami'in da ke sauraron ƙarar ana biyansa dala 10 in ya miƙa mutum ga mai nema, dala 5 in ya sake shi. Wanda ya ɓoye mai gudu yana fuskantar tarar dala 1,000 da wata shida a gidan yari. A 1854 aka kama wani saurayi, Anthony Burns, a Boston, ya gudo daga Birjiniya yana aiki a shagon tufafi. Jama'a suka yi yunƙurin fasa kotu, aka kashe mai gadi ɗaya, Shugaba Pierce ya turo sojoji. Ranar 2 ga Yuni aka ratsa da shi tsakiyar gari zuwa tashar jirgin ruwa, sojoji sun kewaye shi, dubban mutane a bakin titi suna ihu, an rataya baƙaƙen ƙyallaye a jikin gine-gine kamar ana makoki. Mutane da yawa da suka kwana ba ruwansu da siyasa sun tashi suna ƙin bauta.

In wani ya ce maka yaƙin na kare 'yancin jihohi ne, ka tuna masa da wannan doka. Lokacin da ƙarfin tarayya ke kamo musu bayi a cikin Boston, 'yan Kudu ba su yi kukan 'yancin jihohi ba. Jihohin Arewa ne suka yi dokokin kare mazaunansu, kuma Karolina ta Kudu ta lissafa wannan cikin laifuffukan da suka sa ta ɓalle.

A shekarar nan ta 1854 ne Sanata Stephen Douglas na Ilinoi ya yi abin da ya rusa komai. Yana son a tsara filayen da ke yamma da Misuri don layin dogo ya bi ta can daga Shikago zuwa teku. Filayen suna arewa da layin 1820, don haka sanatocin Kudu suka ce ba su sa hannu sai an soke haramcin. Douglas ya yarda. Dokar Kansas da Nebraska ta share layin, ta ce mazauna kowane yanki su zaɓa da kansu, da bauta ko babu. A kunne abin kamar adalci. Amma bai faɗi yaushe za a yi zaɓen ba, ko wane ne mazauni, kuma babu wanda ya tambayi bawan da ake zaɓe a kansa, balle ƙabilun Shawnee da Delaware da aka yi wa alkawarin wannan ƙasa. Jam'iyyar Whig ta mutu a kan wannan doka, jam'iyyar Rifablikan ta haihu a kanta, da manufa ɗaya: bauta ba za ta ƙara shiga wani yanki ba. Dokar nan ce kuma ta dawo da Lincoln siyasa bayan ya koma aikin lauya.

Tunda ƙuri'a ce za ta raba gardama, sai kowa ya ruga Kansas. Ƙungiyoyi a Masacusets suka riƙa tura iyalai, daga baya har da akwatunan bindigogi. Daga Misuri kuma, wadda ke maƙwabtaka, Sanata David Atchison ya jagoranci 'yan banga. A zaɓen majalisar yankin na Maris 1855, masu ikon jefa ƙuri'a ba su wuce 2,900 da 'yan kai ba, amma ƙuri'un da aka ƙirga sun haura 6,000. Mutane sun tsallako da bindigogi da wuƙaƙe a kan kekunan doki, suka kori malaman zaɓen da suka ƙi ba su haɗin kai, suka dangwala suka koma gida. Majalisar da wannan maguɗi ya haifa ta yi dokar kisa ga wanda ya taimaki bawa ya gudu, ta kuma ce wanda ya furta ko ya rubuta cewa ba a da ikon riƙe bayi a Kansas zai sha ɗaurin aƙalla shekara biyu da aiki mai tsanani. Masu ƙin bauta suka ce ba su san da wannan gwamnati ba, suka kafa tasu a Topeka. Yanki ɗaya, gwamnati biyu, kowa da bindiga.

Ka dubi kwana huɗu kawai na watan Mayu 1856. Ranar 21, mayaƙan masu bauta suka shiga garin Lawrence, suka ƙona babban otal, suka farfasa injinan buga jaridu. Ranar 22, a cikin zauren Majalisar Dattawa, Sanata Charles Sumner na Masacusets yana zaune a teburinsa yana rubutu. Kwana biyu kafin nan ya gama wani zazzafan jawabi a kan Kansas inda ya ci mutuncin Sanata Andrew Butler. Sai ɗan'uwan Butler, ɗan majalisa Preston Brooks, ya zo ya tsaya a kansa da kwagiri mai kan zinariya ya shiga rafka masa a ka. Teburin a kafe yake da ƙasa, ƙafafun Sumner sun maƙale a ƙarƙashi, sai da ya fizge shi daga ƙusoshinsa, jini ya rufe masa ido, Brooks bai daina ba har sandar ta karye. Sumner ya yi fiye da shekara uku bai koma aiki sosai ba, jiharsa ta sake zaɓensa ta bar kujerar fayau don kowa ya gani. Brooks tarar dala 300 aka ci shi, mazaɓarsa ta mayar da shi majalisa, mutane daga sassan Kudu suka yi ta aiko masa da sababbin sanduna. Daren 24 kuma wani mai tsananin ƙin bauta, John Brown, da 'ya'yansa da wasu mabiyansa suka bi gidaje a bakin rafin Pottawatomie, suka fito da mutum biyar masu goyon bayan bauta suka sassare su da takubba. Ina girmama ƙiyayyar Brown ga bauta, amma fitar da mutum daga ɗakinsa cikin dare a gaban iyalinsa a kashe shi kisan kai ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Da majalisa ta kasa, ƙuri'a ta kasa, sai aka zuba wa Kotun Ƙoli ido. Dred Scott bawa ne da ubangidansa, likitan soja, ya zauna da shi shekaru a Ilinoi da kuma wani sansani a arewa da layin 1820. A 1846 shi da matarsa Harriet suka kai ƙara a St. Louis cewa zama a ƙasar 'yanci ya 'yanta su. Shekara goma sha ɗaya ana shari'a. Ranar 6 ga Maris 1857 Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya karanta hukunci, alƙalai bakwai a gefe ɗaya, biyu suka saɓa. Ya ce baƙar fata, bawa ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da ikon kai ƙara kotun tarayya, kuma a ganin waɗanda suka kafa ƙasar ba shi da wani haƙƙi da ya wajaba farar fata ya mutunta. Ya ƙara da cewa majalisa ba ta da ikon hana bauta a kowane yanki. Wato manufar jam'iyyar Rifablikan gaba ɗaya ta saɓa wa tsarin mulki. Taney ya ɗauka ya kashe wutar, ashe fetur ya zuba. 'Yan Arewa suka soma tambaya: in majalisa ba ta iya hana mai bawa shiga yanki, gobe kotun nan ba za ta ce jiha ma ba ta iya hana shi ba?

Hukuncin ya kuma jefa Douglas cikin tsaka mai wuya. A muhawarorinsu bakwai na 1858, a garin Freeport, Lincoln ya tambaye shi ko mazauna yanki suna da sauran ikon hana bauta bayan abin da kotu ta ce. Douglas ya ce suna da shi, su ƙi yin dokokin da ke tsare mai bawa kawai, bauta ba ta kwana inda babu ɗan sanda a bayanta. Amsar ta taimaka masa ya riƙe kujerarsa, ta kuma ƙarasa raba shi da Kudu, waɗanda dama suna jin haushinsa don ya ƙi goyon bayan tsarin mulkin bauta da aka rubuta wa Kansas a Lecompton, wanda mutanen Kansas suka yi watsi da shi da gagarumin rinjaye. Daga nan buƙatar Kudu ta ƙara hawa: gwamnatin tarayya ta yi dokar da za ta tsare bauta a kowane yanki, ko mazauna suna so ko ba sa so. Ka bi matakan da kyau. A 1820 sun karɓi layi. A 1854 sun ce a bar wa mazauna. A 1860 ko mazaunan ma ba su yarda a bar wa ba. A tsakani John Brown ya kai hari rumbun makamai na Harpers Ferry a Oktoba 1859 da nufin tayar da bayi, aka kama shi aka rataye, coci-coci a Arewa suka buga masa ƙararrawa, Kudu ta ga abin da ta daɗe tana tsoro.

A kan wannan buƙata jam'iyyar Dimokurat ta dare biyu a taronta na Charleston a Afrilu 1860, ta tsayar da 'yan takara biyu. Lincoln ya ci zaɓe da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, alhali a jihohin Kudu goma ko takardar ƙuri'arsa ba a raba ba. Wannan shi ne abin da ya girgiza su. Tun kafa ƙasar, mafi yawan shekaru mai bayi ne a fadar shugaban ƙasa, yau ga shi Arewa ita kaɗai ta naɗa shugaba ba ta nemi ƙuri'arsu ba. Jihohin 'yanci sun zama 18, na bauta 15. Shugaban da zai naɗa alƙalai da gwamnonin yankuna da shugabannin gidan waya har a cikin Kudu mutum ne da ya ce a bainar jama'a yana son a ɗora bauta a kan hanyar ƙarewa.

An yi yunƙurin sulhu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi amsa tambayarka kai tsaye. A Disamba 1860 Sanata John Crittenden na Kentaki ya kawo shawara a maido da layin 1820, a ja shi har tekun Pasifik, a tsare bauta a kudu da shi, a ƙasar da ake da ita da wadda za a samu nan gaba. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce tarkon. 'Yan Kudu sun daɗe da sa ido a kan Kuba, kuma wani ɗan kasada, William Walker, ya taɓa ƙwace Nikaragua ya halatta bauta a can a 1856. Lincoln ya nuna zai iya sassautawa a kan abubuwa da dama, har da aiwatar da dokar kamo bayi, amma ya rubuta wa mutanensa a majalisa cewa a kan faɗaɗa bauta kada su ja da baya ko taƙi ɗaya, in za a yi ja-in-ja gara a yi yanzu. Ya kuma rubuta wa tsohon abokinsa Alexander Stephens na Jojiya, wanda ba da daɗewa ba ya zama mataimakin shugaban 'yan aware, ya ce masa: ku kuna ganin bauta daidai ce, ya kamata a faɗaɗa ta, mu muna ganin kuskure ce, ya kamata a taƙaita ta, a nan muka rabu.

Karolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamba 1860, jihohi shida suka bi ta kafin a rantsar da Lincoln. Misisipi ta rubuta a takardar dalilanta cewa matsayinta a ɗaure yake da bauta, ta kuma lissafa hana bauta shiga yankuna cikin ƙorafe-ƙorafenta. Ficewar sanatocinsu ce ta buɗe wa Kansas hanya ta zama jiha babu bauta a Janairu 1861. Ranar 12 ga Afrilu 'yan aware suka buɗe wuta a kan sansanin sojan tarayya na Sumter, yaƙi ya soma. A Yuni 1862 majalisa ta haramta bauta a dukkan yankuna, ba ta ko waiwayi hukuncin Taney ba. Dred Scott bai ga wannan ba, ya rasu a 1858, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan waɗanda suka mallake shi a ƙarshe sun 'yanta shi. A Oktoba 1862 kuwa wata rundunar baƙaƙen fata da aka tara a Kansas, da yawansu bayi ne da suka gudo daga Misuri, ta tsallaka iyakar nan da 'yan bangar Atchison suka tsallako shekara bakwai baya, ta gwabza da mayaƙan Kudu a Island Mound ta kore su. Su ne baƙaƙen sojoji na farko da suka yi artabu a ɓangaren tarayya a wannan yaƙi.